Tafiya Ɗaya da Ta Rage wa Motar Arzika

A layinmu na Minanata, in ka ji an ce "a tado Ungozoma", to mota ake nufi. Wata tsohuwar mota ce mai dogon baya, fara ce a da, amma yanzu launinta sai wanda ya san ta tun tana budurwa. Mai ita shi ne Arzika, ɗan kawuna, wato taubashina, saboda haka duk abin da zan faɗa a kansa ina da izini tun daga kakanni. Ni ce Sadiyatu. Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasa, kuma ni nake zama a kujerar baya in riƙe mai naƙuda duk ranar da aka nufi asibiti, domin matarsa Tani ba ta iya ganin jini.

Arzika ɗan manoman shinkafa ne daga wani ƙauye a bakin fadama. Ya shigo birni yana saurayi, ya koyi tuƙi, ya tsufa yana jan motar wani ofishin gwamnati. Da ya yi ritaya aka yi gwanjon tsofaffin motoci, ya fito da wannan. Da ita yake ci, yana ɗauko wa 'yan kasuwa buhunan albasa da shinkafa. Amma in aka buga masa ƙofa aka ce wance ta durƙusa, ko lomar tuwo ce a hannunsa ajiyewa yake yi. Layinmu yana da nisa da kwalta, da damina kuma ruwa kan kwanta a bakinsa, har masu napep su hango su ce a kai kasuwa. Ƙananan motocin maƙwabta ba su shiga ruwan. Ungozoma tana da tsayin ƙafa, mai ita kuma ya san kowane rami da ke ƙarƙashi. Rabin yaran layin nan a cikinta suka fara tafiya, wasu ma marasa haƙuri a cikinta suka faɗo.

Aibinsa ɗaya, kara. Mutum ne da in ka taka masa ƙafa shi zai ce maka sannu. Na sha gaya masa cewa ranar da ɓarawo ya shigo gidansa, sai ya haska masa fitila ya raka shi bakin ƙofa. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ke dai, Sadiya."

Ga kuma kunya irin ta mutanen da. 'Yarsa ta fari Balkisu, tun da aka raɗa mata suna ban taɓa jin ya fito daga bakinsa ba. "Wagga yarinya" yake cewa, ko "waccan". In ta shigo tsakar gida ya kawar da kai, in ta gaishe shi ya amsa wa bango. Ranar da aka ɗaura mata aure ma mota ya tafi wankewa. Haka aka rene shi, ba a nuna wa ɗan fari so, ba a tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ya ƙaunarta. Ni da na sani, na san duk takalmin makarantar da ta taɓa sawa shi ya sayo ya ba ni, ya ce in ce ni na saya.

Mijinta Zulkifilu malamin makaranta ne, aka tura shi wani ƙauye mai nisa, a can ta yi cikin fari. Naƙuda ta zo, aka rasa mota. Kafin a iso da ita birni a yi mata aiki, ɗan ya riga ya koma. A ranar Arzika yana nan yana kai matar wani maƙwabci asibiti. Da labari ya same shi sai ya ɗauki bokiti ya yi ta wanke Ungozoma har na ji tsoron fentin da ya rage zai fita.

Shi ya sa da ta sake samun ciki, aka dawo da ita gida goyon ciki. Likita ya sa ranar da za a yi mata aiki, ya kuma ja kunne: in ciwo ya riga ranar zuwa, kada a jira komai, domin ɗinkin farko na iya buɗewa. Kowa a gidan ya ji wannan magana. Arzika ya yi kamar bai ji ba, amma daga ranar ya daina nisa da gida, ya daina barin tanki ya yi ƙasa, ya riƙa ajiye motar hancinta na kallon hanya.

Watan haihuwa ya kama, damina ta sauka. Wata safiya ina shara sai na ji muryarsa ta kan katanga.

"Sadiya, taho ki duba mini abin ga."

"Ni bakanike ta?" na ce, amma na yafa gyale na fita.

Ya buɗe bonet, yana riƙe da siririn ƙarfen nan da ake zarowa a duba mai, wanda suke ce wa geji. Ya miƙo mini shi har kusa da hanci.

"Mi kig gani?"

"Kunun gyaɗa. Tani ta hwara dama wa mota kunu?"

Bai yi dariya ba. Ko ni da ban san kan mota ba na san baƙin mai baƙi ne, kuma raguwa yake yi. Wannan ya yi fari-fari kamar shayin da aka cika wa madara, ya kuma haye sama da alamar da ke jikin ƙarfen. Da na matsa masa, sai ya ce ai ya jima yana ƙara ruwa a lagireto kowace safiya, kuma in ya leƙa ƙasa ba ya ganin ko ɗigo. Na ce to ruwan da ba ya zuba ƙasa ina yake zuwa? Ya dube ni, ya dubi gejin, ya dubi tagar ɗakin da Balkisu take, ya yi sauri ya sauke kai.

Ya kira Siddiƙu, bakanikensa na Gidan Igwai. Siddiƙu ya ce kada a kuskura a tada ta, ga shi nan tafe. Ya iso a kan babur da jakar sifanoni, ƙaton mutum mai tumbi da yawan magana, wanda kullum yake farawa da fata mafi sauƙi.

"Bari mu hwara da addu'a, Malam Arzika," in ji shi. "Allah shi sa raɓa ta. Da damina, motar da ba ta tahiya mai nisa takan tara laima ƙarƙashin murhi. Wannan ba ciwo ba na."

Ya kwance murfin da ake zuba mai, ya juya shi. Cikinsa ya yi kumfa fari mai kauri kamar kindirmo. Ya lakato da yatsa ya murza, ya sake zaro geji ya duba. Sai ya juyo wajena.

"Hajiya, a ara mini murhin tukunya da ɗan garwashi."

Na shiga na karɓo wajen Tani. Ya ɗora murfin a kan garwashi har ya yi zafi, ya ɗiga man daga jikin gejin. Nan take ya fara tsalle yana ƙas-ƙas-ƙas, kamar an yarfa ruwa a kaskon tuyar ƙosai.

"Kun jiya?" ya ce. "Mai na gaskiya hayaƙi shika yi, ba shi magana. Wanga ko ga shi nan shina surutu. Da ruwa ciki. Yawanai da mashiginai muka nema yanzu. A bar ta ta kwana, kowa kada shi taɓa ta."

Wannan wuni Arzika bai ci abincin kirki ba. Ya shimfiɗa tabarma kusa da motar, yana jan carbi, yana kallon tayar gaba.

Washegari da hantsi Siddiƙu ya dawo. Ya kwanta a ƙarƙashin motar da tsohon kwano, ya ce ruwa ya fi mai nauyi, in mota ta kwana sai ya sauka ya kwanta a gindi. Ya sassauta notin da ake juye mai, kaɗan kawai. Ni na zaci baƙi zan gani. Abin da ya fara fitowa ruwa ne tsararo mai jan tsatsa, ya kusa cika moɗa kafin kunun ya biyo baya. Ya ɗaure notin, ya fito yana kaɗa kai.

Bai tsaya nan ba. Ya cika lagireto, ya bar bakinsa a buɗe, ya ce Arzika ya murza makulli na ɗan lokaci. Injin ko ɗumi bai yi ba, amma ruwan ya fara ɓulɓulo kumfa kamar tukunya ta tafasa. A baya kuma farin hayaƙi yana fita ta salansa, ya ƙi yankewa. Ya ce a kashe. Ya kwance filogogin ya jera su a kan tsumma. Sauran duk baƙaƙe ne yadda ya kamata, ɗaya kuwa fes, kamar an wanke shi da sabulu.

"To, ga ƙofar ɓarawo nan," ya ce, yana nuna ramin da filogin ya fito. "Tsakanin kan inji da gangar jikinai akwai shimfiɗa, gasket, ita ka raba hanyar ruwa da hanyar mai. Ko dai ta ƙone, ko kan injin da kainai ya tsage. Ruwa ba shi tsami banza, Malam Arzika. Motar ga ta taɓa yin zahi sosai?"

"Sau guda," in ji Arzika.

"Mi anka yi mata?"

"Na ƙara mata ruwa."

"Wane iri?"

"Ruwa dai."

"Na ƙanƙara!" na ce daga bakin ƙofa, domin na gaji.

Siddiƙu ya ɗora hannu biyu a ka. Arzika ya juyo ya yi mini wani kallo na roƙo, na gane abin da yake nufi, kada in ambaci suna. Na haɗiye, amma ina nan aka yi, kuma a nan zan faɗa.

Cikin azumin da ya wuce ne, ana tsakiyar zafin nan namu da ko ƙadangare ke neman inuwa. Ya dawo da lodin albasa, motar ta yi zafi, tururi na fita ta gaba, ya tsaya a bakin layi daidai ƙofar Inna Hasana. Inna Hasana tsohuwa ce, mijinta ya rasu, tana sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Ta fito da bokiti cike da ruwan da ƙanƙara ke yawo a kai, hajar da za ta sayar da shan ruwa ke nan, ta dire a gabansa.

"Wagga baiwar Allah ita tak kai uwayen jikokina asibiti," ta ce. "Ita ba ta azumi. Ba ta ta sha."

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san ba a zuba ruwan sanyi a injin da ke tafasa, balle Arzika. Ya ce, "Inna, a bari ta huce tukuna." Ta ce, "Ko ka raina ruwana?" Mutane sun taru ana kallo. Sai bawan Allah nan ya sa tsumma ya buɗe murfi, tururi ya tashi, ya ɗaga bokitin ya tuttula. Na ji wata 'yar ƙara, ƙas, kamar an taka busasshen kara, na kuma ga yadda ya runtse ido. Ya yi mata godiya har da rusunawa. Motar ta tashi ta ci gaba da aiki, kowa ya manta, ban da shi.

Siddiƙu ya goge hannu ya zauna a kan dutse. Ya ce hanya biyu ce, kuma ba mai daɗi a ciki. In ya buɗe injin, bai san ranar rufewa ba. In gasket ce kaɗai, da sauƙi. In kan ne ya tsage, sai an shiga neman irinsa, kuma motar da ta kai wannan shekaru kayanta sai an aika har Kano, a dace ko a rasa.

"In ko ban buɗe ba," ya ce, "sai in juye wanga kunu in zuba sabon mai. In zubar da ruwan lagireto duka, don kada shi yi ta tsiyaya ciki tana tsaye. Ka aje jarka cike kusa. Ran da buƙata tat taso, ka cika, ka tada, ka tahi a hankali. Tana kai ka tahiya guda, in Allah ya so. Guda, Malam Arzika. Ban yi maka alkawarin dawowa ba."

Gaba kura, baya sayaki. Arzika ya daɗe yana murza carbi, sannan ya ce, "Akwai wata lalura da aka jira cikin gida. A bar ta ruhe." Lalura! 'Yarsa da jikansa ke nan yake kira lalura. Siddiƙu ya san zancen, bai tambaya ba, ya hau aiki.

Aka lulluɓe Ungozoma da tamfol, aka ajiye jarka a gindinta. Arzika ya gaya wa 'yan kasuwa su nemi wata motar. Ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Na karɓi lambar masu napep biyu, dukansu suka ce suna zuwa, in dai ba a yi ruwa ba. Na je wajen Tani na ce a mayar da yarinyar nan gidan wata 'yar'uwarmu da ke kusa da asibiti, ta zauna can har ranar aiki. Tani ta zaro ido.

"Ta zo goyon ciki gidan ubanta, a kwashe ta a kai gidan wasu? Mi mutane ka cewa?"

Na ce mutanen su ne za su haihu? Muka rabu baram-baram.

Kwanakin nan ban so in tuna su. Kullum hadari ya haɗo sai in fita in leƙa bakin layi. In Balkisu ta yi tari a ɗaki, sai ka ga Arzika ya miƙe zumbur, sannan ya tuna da kansa, ya durƙusa yana danna taya kamar abin da ya tashe shi ke nan. Yakan ɗaga jarkar ya ji nauyinta ya mayar. Makullin kuwa ya ɗaure shi a jikin carbinsa. Ya rame, idanunsa suka faɗa. Sau ɗaya ya tare ni a zaure ya ce, "Mutanen ciki suna cin abinci kuwa?" Na ce ga ƙofa nan, shiga ka tambaye ta. Ya ce, "Ke dai, Sadiya."

Ranar wata Laraba aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun azahar har bayan la'asar. Bakin layi ya zama tafki. Ruwan yana tsagaitawa, ina zauren Arzika ina matse gyale, sai ga Inna Hasana ta faɗo, ba takalmi, zaninta jiƙe har gwiwa.

"Arzika, ɗana! Na'ima ta! Jini ka zuba, ya ƙi tsayawa. Habibu ya tahi Illela, masu napep sun ƙi shigowa. Ka taimake ni don Allah!"

Na'ima matar ɗanta Habibu ce, ita ma cikinta ya tsufa. Arzika ya miƙe, ya tsaya cak, carbi da makulli a hannunsa.

"Inna, mota ba ta da lahiya," na ce. Zuciya ta ɗebe ni na ƙara, "Kin ma san abin da yas sa ta..."

"Sadiya!"

Tun muna yara bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na sani, amma a lokacin tamu nake ji. Na matsa kusa da shi na yi ƙasa da murya.

"Tahiya guda ta, Arzika. In ka kashe ta yau, gobe da mi?"

Ya dubi labulen da ya raba zaure da tsakar gida, ya dubi tsohuwar da ke durƙushe tana riƙe da gefen rigarsa. Sannan ya fita, ya yaye tamfol, ya ɗaga jarka. Ya tuttula cikin sauri har rabin ruwan yana bin gefen lagireto. Na juya baya ina hawaye don haushi da tsoro.

Sai labule ya ɗaga. Tani ce, jakar kayan haihuwa a ka, tana tura Balkisu a gaba.

"Tunda guda ta, ku tahi da wagga ma."

"Ke da kic ce ba ta barin ɗakinki?" na ce.

"Na hwasa. Tun hantsi take dahe da bango tana ce mini ba komi. Dubi leɓenta."

Na duba. Ta cije shi har ya fashe. Ashe ciwo ya fara tun safe, yarinya ta ɓoye don kunya, 'yar ubanta! Arzika ya ji duk abin da aka ce, bai waiwayo ba. Ya rufe bonet, ya zauna, ya yi bismilla ya murza. Ungozoma ta yi tari sau biyu ta tashi.

Muka tsaya a ƙofar Inna Hasana, mata suka ɗauko Na'ima a tabarma aka shimfiɗe ta a dogon bayan, tsohuwar ta zauna a kanta. Ni da Balkisu muna kujerar baya. Muka nufi tafkin bakin layi. Ruwa ya kai ƙofa, ina jin sa yana bugun ƙarfe a ƙarƙashin ƙafata. Arzika ya karkata hagu, ya dawo dama, yana bin hanyar da shi kaɗai yake gani. Da tayar gaba ta taka kwalta sai na yi hamdala.

Amma gari ya cika bayan ruwa, kowa ya fito lokaci ɗaya. Muna tafiya muna tsayawa. Ina hango allurar zafi ta saman kafaɗarsa, tana hawa a hankali ba ta dawowa. Farin hayaƙi ya rufe gilashin baya, masu babur suna wuce mu suna nuna mana da hannu. Na'ima na nishi, Inna Hasana na salati, Balkisu kuwa sai matse hannuna take yi har ƙashi. Na lura ya karkatar da madubin gaba, ba hanya yake kallo da shi ba.

Muna kan Sama Road wata jar fitila ta kama a cikin motar kusa da sitiyari, injin ya fara wata ƙara, ƙwas-ƙwas-ƙwas, kamar ana daka a turmin ƙarfe. Dama Siddiƙu ya riga ya faɗa masa a gabana, in ya ji wannan ƙara ya kashe nan take, in ba haka ba injin ya tafi ke nan.

"Ka jiya?" na ce.

"Na jiya."

Ya ƙara taka ta. Ƙarar ta yi ta ƙaruwa, wari kamar na ƙonannen girki ya cika motar. Mun sha kwanar ƙarshe, ga ƙofar asibiti muna hange, sai Ungozoma ta yi wata jijjiga ta yi tsit. Ya cire giya, ta gangara kaɗan da sauran ƙarfinta, ta tsaya. A daidai lokacin hannun da ke matse nawa ya saki, kan Balkisu ya faɗo a kafaɗata.

"Arzika, ba ta motsi!"

Ya juyo gaba ɗaya, ya durƙusa a kan kujera, ya kama fuskarta da hannu biyu.

"Balkisu! Balkisu, buɗe idonki!"

Muryar ta cika titi. Ni kaina ban taɓa jin yadda sunan yake a bakinsa ba. Ta buɗe ido da ƙyar, ta dube shi.

"Baba," ta ce, "ashe ka san shi."

Masu facin taya da mai shayin bakin hanya sun ji ihun, suka sheƙo. Ba wanda ya tambayi komai, suka sa kafaɗa. Arzika ya fita yana turawa ta ƙofa, hannu ɗaya a sitiyari, hularsa ta faɗi a ruwa bai ko duba ba. Haka Ungozoma ta shiga asibiti a karo na ƙarshe, mutane na tura ta.

Aka shige da su biyun. Arzika ya ƙi shiga ciki, ya zauna a gindin dogon yaro kusa da motar, wadda ke ta ɗigar da kunu a ƙasa. Ni ina kai da kawowa tsakaninsa da ƙofar ɗakin tiyata, ba abin da zan gaya masa. Ana kiran magariba wata ma'aikaciya ta fito ta ce an ciro 'ya mace, tana kuka, uwar ma tana raye. Ta ce ɗinkin ya fara buɗewa, da an ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Na'ima ma an tsayar da jinin, ta sami namiji.

Na fita da gudu, ni da gwiwata mai ciwo, na gaya masa. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya kifa kai a kan gwiwa, kafaɗunsa suna rawa. Muna haka Inna Hasana ta fito, ta je bakin ƙofa ta sayo ruwan leda mai sanyi ƙarara, ta miƙa masa.

"Sha, ɗana. Ka wahala."

Na buɗe baki, na rufe. Ya karɓa da hannu biyu, ya yi mata godiya, ya shanye tas. Har yau tsohuwar ba ta san komai ba, kuma ba daga bakina za ta ji ba.

Siddiƙu ya jawo motar gida, ya buɗe ta a ƙofar zaure. Ya nuna mana tsagar a kan injin, siririya kamar gashi, daidai ramin filogin nan mai tsabta. Ƙasan injin kuwa ya ce ya cinye kansa, ba abin ɗauka. Ungozoma ba ta sake tashi ba. Tana nan a inda take, kajin Tani suna ƙwai a dogon bayan. Arzika yanzu yana taya wani ɗan kasuwa lura da lodi, da damina kuma in hadari ya haɗo, matan layi masu ciki sukan koma gidajen danginsu na bakin kwalta tun da wuri.

Jaririyar an sa mata Fauziyya. Da jika ba kunya, don haka wuni yake yana kiran sunanta, yana ce mata matarsa, yana zama da ita a kujerar direba tana dukan sitiyari. Uwarta kuwa ta koma "wagga yarinya". Na tsare shi ranar suna na ce, to malam, maimaita mana abin da ka faɗa a titi. Ya ce, "Ni? Yaushe?" ya tashi wai zai duba masu yanka rago.

Na shiga ɗaki ina mita, na ce wa Balkisu ubanki ba zai taɓa gyaruwa ba, sai na sa ya faɗa a gaban jama'a. Tana kwance tana ba 'yar nono, ta ɗago ta yi murmushi.

"Goggo, ki bar shi," ta ce. "Na jiya sau guda. Ya ishe ni."